Yadda za ka taimaki ɗalibi ɗan asalin Kanada ya samu haƙƙinsa na karatu

Aikina ba ɗalibai shawara ne a wata sakandare a Winnipeg da ke lardin Manitoba na Kanada, kuma 'yan'uwa da suka samu aikin koyarwa a nan kan tambaye ni ta ina ake farawa. Da farko, cire zancen nan daga ranka cewa 'yan asalin ƙasar nan suna karatu kyauta. Kuɗin akwai, amma ba ya isa kowa, kuma sai an bi shi da takarda.

Ka fara sanin ko yaron ɗan First Nations ne, ko Inuit, ko Metis, wato rukunoni uku na mutanen asali na ƙasar nan, don kowanne da ƙofarsa. Iyaye za ka tambaya, cikin ladabi. Kada ka yi hasashe da suna ko kamanni.

Idan yaron First Nations ne kuma bai kai shekarun girma a dokar lardinsa ba, to Ƙa'idar Jordan ce madogararka. An sa mata sunan Jordan River Anderson, yaro daga Norway House a nan Manitoba, wanda ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara 5, bai taɓa kwana a gidan iyayensa ba, saboda gwamnatin tarayya da ta lardi suna ta jayayyar wa zai biya kuɗin jinyarsa a gida. Har yau labarin nan yana ci mini rai. Majalisar tarayya ta amince da ƙa'idar a 2007, kotun kare haƙƙin ɗan Adam kuma ta umarci gwamnati ta aiwatar da ita yadda ya kamata a 2016. Abin da take cewa shi ne a biya wa yaro buƙatarsa tukuna, gwamnatoci su yi lissafinsu daga baya.

Ga yadda nake yi. Nakan nemi wasiƙa daga ƙwararren da ya san yaron, likita ko mai gwajin magana, wadda ta faɗi buƙatar ƙarara da illar rashinta. A haɗa da kiyasin kuɗi da shaidar rajistar yaron a matsayin ɗan First Nations ko ta ɗaya daga iyayensa. Iyaye ne ke sa hannu, kai mai rakiya ne. Bisa umarnin kotu, a yanke hukunci cikin awa 48, na gaggawa cikin awa 12, amma takardu sun taru sosai, don haka rubuta ranar da aka miƙa, ka riƙa bibiya. Tun 2025 an tsaurara sharuɗɗa, musamman ga makarantun lardi, saboda haka fara nema daga hukumar makarantarku, ka adana amsarta a rubuce. In an ƙi, akwai damar ɗaukaka ƙara. Yaran Inuit suna da nasu shirin makamancin wannan.

Kuɗin jami'a kuwa ba gwamnatin tarayya a Ottawa ake rubuta wa ba. Ofishin ilimi na al'ummar ɗalibin ne ke rabawa, kowace al'umma da ranar rufewarta da jerin fifikonta. Ɗalibi ya kira su tun farkon ajin ƙarshe, ko da a birni aka haife shi. Ya kuma cike fom ɗin gidauniyar Indspire, wanda ke buɗe masa tallafi da yawa a lokaci guda, sannan ya nemi tallafin ɗalibai na lardi, don sunansa na iya zama a jerin jira na al'ummarsa har shekara ta zagayo.