Kurakuran da aka fi yi wajen gina siffofin teku da yumɓu a Kano

Mai fasahar da aka ba masauki da ɗakin aiki na 'yan makonni a Kano, ya kuma ɗauri aniyar fitar da igiyar ruwa da murjani (halittar ƙarƙashin teku mai rassa) da katantanwa daga yumɓu, iska ce za ta fara ba shi wahala. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na zuƙe danshin komai. Siririn reshen murjanin da aka gina da hantsi zai bushe ƙarau kafin la'asar, alhali gindinsa mai kauri yana nan ɗanye. Yumɓu kuwa tsukewa yake yi, sau da yawa kusan kashi 10 cikin 100 daga gini zuwa gashi, shi ya sa tsagar take fitowa daidai mahaɗa. A rufe aikin da leda, a naɗe bakin rassan da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan a inuwa, nesa da fanka. Kafin a liƙa reshe, a karce fuskokin biyu a shafa musu kunun yumɓu. Idan aka cuɗa niƙaƙƙen tsingaro cikin kwaɓin, tsukewar na raguwa.

Sai gaggawa. Ranar baje koli ta ƙarato, sai a cusa aikin cikin murhu da sauran laima a cikinsa. A digiri 100 ruwan ya zama tururi, ya tarwatsa aikin, har ya shafi kayan maƙwabta. A kara aikin a kunci: in da sanyi, bai bushe ba. A rarake duk abin da kaurinsa ya wuce santimita 2, a huda masa ƙofar iska a ƙasa. Ni dai a ganina, duk wanda bai ajiye gini ba a tsakiyar zamansa ya riga ya makara.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne na wuri, wato ɓawon tekun nan da ake kuɗi da shi a da. Mutum ya shiga kasuwar Kurmi ya sayo wuri da ɓawon katantanwa, ya dasa su a jikin aikin don su zama ado, ya gasa. Ɓawon nan ba ya jure wuta. Da zafi ya kai wajen digiri 900 sai ya koma farar ƙasa. Zai fito daga murhu da siffarsa lafiya lau, mai shi har ya ɗauki hoto, amma bayan kwanaki ya sha danshin iska, ya kumbura, ya zube gari, wani lokaci ya tafi da ɓangaren yumɓun. A danna wurin a jikin ɗanyen yumɓu a cire, shatinsa ya isa. In lallai ana son na ainihi, a manna shi bayan gashi.

Haka ma shuni. Wanda ya ga shuɗin marinar Ƙofar Mata zai yi sha'awar shafa shi, amma baba tsiro ne, wuta ƙone shi take yi. Shuɗin da ke tsayawa na sinadarin kobalt ne, kuma ɗan kaɗan ya wadatar, in ya yi yawa ya koma kusan baƙi. Tsanwan ruwa daga tagulla ake samunsa. A gwada launin a kan 'yan gutsattsari tun makon farko, kuma kada a lafta ruwan ƙyalli, wato abin da ake shafa wa yumɓu ya zama kamar gilashi bayan gashi, har ya cike zanen ɓawon kifi.

Ba dole ne kowane abin teku ya yi tsini ya fito waje ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja, kuma kifi da kada da ƙadangare karce su take yi a jikin tulu. Irin wannan aikin yana isa gida lafiya. Mai rassa kuwa a gina shi gunduwa-gunduwa, kowace da kwalinta, a haɗa a wurin nuni.

Murhun lantarki a Kano sai da janareta a gefe, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi na ɓata ruwan ƙyalli. Kuma kada ɗoki ya sa a buɗe murhu da zafinsa. A bari sai hannu ya iya taɓa kayan.