Tsire da balangu: abin da ƙwayoyin hanji ke yi da nama

'Yan uwa, masu son tsire da balangu kullum dare, ga wata 'yar shawara.

A hanjin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗimbin yawa, abin da muka ci su ma shi suke ci. Jan nama na ɗauke da sinadarin kanitin. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan kan sarrafa shi, hanta kuma ta mayar da abin da suka fitar zuwa wani sinadari mai suna TMAO. Binciken Dakta Stanley Hazen na asibitin Cleveland Clinic a Amurka, a 2011 da 2013, ya nuna masu TMAO da yawa a jini sun fi fuskantar toshewar jijiyoyi da bugun zuciya. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutanen da ba sa cin nama sam, ko an ba su kanitin, TMAO ɗin da jikinsu ke samarwa kaɗan ne. Wato hanji na sabawa da abin da aka saba ba shi.

Ban ce a daina nama ba, wa zai iya? A rage dai, ya zama sau ɗaya ko biyu a mako. A yawaita wake, gero da dawa da ba a cire dusarsu duka ba, zogale, kuka da kuɓewa. Ƙwayoyin kirki na hanji harzar da ke cikin waɗannan abincin, wato dusa da zare-zaren da ciki ba ya narkarwa, suke so, suna mayar da ita sinadaran da ke rage kumburi. Kindirmo marar sukari ma yana taimakawa.

Sannan a daina sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, domin har masu amfanin yake kashewa.