Idan Ann Arbor ka sauka, ka fara sanin ranakun Asabar

Duk wanda ya sauka garin Ann Arbor a watan Agusta, ko karatu ya kawo shi Jami'ar Michigan ko aiki, zai sha bayani kan haya da inshorar lafiya da katin banki. Zancen Asabar kuwa ba mai tunawa ya yi masa. Ni ma ba a yi mini ba. Asabar ɗina ta biyu a garin na fita da hantsi zan sayo shinkafa da mai, sai na tarar an tare hanya, jama'a sun cika titi kamar ranar hawan sallah, kowa sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa. Tafiyar minti goma sai da ta ci mini awa guda.

Dalilin shi ne filin wasan jami'ar, wanda suke kira Babban Gida. Yana ɗaukar mutum 107,601, babu filin da ya kai shi girma a Amurka, alhali mutanen garin gaba ɗaya dubu ɗari da ashirin ne da 'yan kai. Wajen sau bakwai a shekara, daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, sai a ce wani gari ne guda ake juyewa a cikin garin. To ɗan'uwa, ka sauke jadawalin wasannin gida a wayarka tun makon farko. Cefane ranar Alhamis ko Juma'a bayan masallaci. Idan baƙi za su zo maka daga wata jiha, kada ka sa su zo ƙarshen makon wasa, don kuɗin otal ninkawa yake yi. Ka kuma lura, lokacin fara wasa sau da yawa ba a sanar da shi sai saura kwana goma sha biyu, wani lokaci ma shida.

Wasan kansa, wanda su suke ce wa ƙwallon ƙafa, ya fi kama da zari-ruga. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, irin yadin nan da ake auna shadda. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida, bugun da ya ratsa tsakanin sanduna maki uku. Iyakar abin da kake buƙata ke nan don ka zauna ka kalla. A takarda minti sittin ne, amma sai an shafe sama da awa uku, saboda kowane motsi sai an tsaya.

Abin da zai fi yi maka amfani a hira shi ne kakar 2023, domin har yau ba su gaji da zancenta ba. Wasa 15 Michigan ta buga, ta ci 15. Kuma ba cikin kwanciyar hankali ba: kocinsu Jim Harbaugh bai tsaya bakin fili a wasa shida ba, uku na farkon kaka da uku na ƙarshe kafin a shiga wasannin neman kofi, na ƙarshen saboda zargin cewa wani ma'aikacin ƙungiyar yana leƙen alamun da abokan hamayya ke yi wa 'yan wasansu. Mataimakinsa Sherrone Moore ne ya riƙe ragama ranar 25 ga Nuwamba da suka doke Jami'ar Ohio State da ci 30 da 24. Bayan mako guda suka lallasa Iowa 26 da nema, suka ɗauki kofin Big Ten, wato rukunin jami'o'in da Michigan take ciki. Ranar 1 ga Janairun 2024 aka gwabza da Alabama a Rose Bowl, wasan kusa da na ƙarshe na neman kambun ƙasa, har ƙarin lokaci, Blake Corum ya kutsa ya ci, masu tsaron baya suka tare yunƙurin ƙarshe na Alabama, aka tashi 27 da 20. Sai wasan ƙarshe ranar 8 ga Janairu a Houston, inda suka ci Washington 34 da 13, suka ɗauki kambun ƙasa. Rabonsu da kambun ƙasa tun 1997, shi ma na wancan karon raba shi aka yi da Nebraska.

Sunaye uku sun ishe ka: Harbaugh, Corum, da J.J. McCarthy mai jefa ƙwallo. Maganar leƙen alamu kuwa, shawarata kada kai ka fara ɗauko ta. A 2025 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ci jami'ar tara mai nauyi amma ba ta karɓe kofin ba, kuma har yanzu wurin da ciwo. Baƙo ya saurara kawai.

Gabar da ke tsakaninsu da Ohio State ta wuce yadda kake zato. Sau takwas a jere Ohio State ta ci su daga 2012 zuwa 2019, kafin Michigan ta rama a 2021 da 2022 da 2023. A Columbus, garin da Ohio State take, makon wasan har harafin M suke rufewa a allunan jami'arsu. Launinsu ja ne, ni kuwa rigar sanyin da na fara saya ja ce wur, don ita ce mai araha. Ba wanda ya zage ni, amma tsokanar da na sha a makon nan ta sa na ajiye ta sai Disamba. In za ka sayi rigar sanyi, nemi shuɗiya mai duhu. Idan wani ya ce maka "Go Blue" a hanya, gaisuwa ce, ka mayar masa da ita.

Za a gayyace ka telget, wato zaman ci da sha a bayan mota kafin wasa. Ka je. A nan ne abokin aikin da bai taɓa wuce "sannu" da kai ba zai zauna ya tambaye ka garinku. Sai dai akwai giya, kuma yawancin naman da ake gasawa na alade ne. Ka faɗa kai tsaye ba ka ci, ba sa jin haushi. Abin da ya fi ma, ka tafi da naka: ana samun naman halal a garin, Dearborn kuma ba ta kai awa guda a mota ba. Tsire da yaji a faranti ba ya kwana a irin wannan zama.

In ka samu tikiti, ba a shiga filin da jaka kowace iri, har jakar hannu ta mata, don haka 'yar'uwa ki rage kaya tun daga gida. Wanda ya fita kuma ba ya komawa. Wasan da aka fara da sha biyun rana yakan kai bayan uku da rabi, a Nuwamba kuwa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, sai ka yi lissafin azahar da la'asar tun kafin ka baro gida. Kujerun benci ne, sanyinsu har ƙashi. Ka sa safa biyu da safar hannu da hula mai rufe kunne. Mota kuwa ka bar ta a gida ka taka. Masu gidajen kusa da fili suna sayar da wurin fakin a kan ciyawarsu, kuɗin kuma ya isa cefanen kwana biyu.