Yadda Ake Kafa Masana'antar Casar Shinkafa da Za Ta Ɗore Har Ta Samar da Ayyukan Yi

Duk wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ya san abin da masana'anta take yi wa gari. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da aka buɗe a 1957 a zamanin Sardauna, da United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles da suka biyo bayanta, sun ciyar da ma'aikatansu, sun ciyar da mai sayar da abinci a bakin ƙofa da mai gidan haya da direban babbar mota, har da manomin auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Da KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dukkan waɗannan mutane ne suka ji a jikinsu, kamar yadda aka gani a Bompai da Sharaɗa da Calawa a Kano. Saboda haka mai son ya taimaka wajen farfaɗo da tattalin arziki ta hanyar kafa masana'anta ya kamata ya fara da tambayar yadda za ta kai shekara goma tana aiki, domin aikin da aka ɗauki mutum yau aka sallame shi bayan wata shida bai magance talaucin kowa ba. Na zaɓi casar shinkafa ne saboda ita ce masana'antar da mai matsakaicin jari zai iya shiga a yau, kuma kayan aikinta a gonakinmu suke.

Abu na farko shi ne a san inda samfarera, wato shinkafar da ba a casa ba, za ta fito, tun kafin a sayi fili ko inji. Mutane da yawa sukan fara da gini da odar inji daga Sin ko Indiya, sai bayan an kafa komai su tarar ba su da shinkafar da za su casa fiye da wata huɗu a shekara. Ya kamata masana'anta ta zauna kusa da inda ake noma damina da rani, irin su Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, ko kwarin Haɗeja, ko fadamun Kebbi, domin samfarera kaya ce mai nauyi wadda kusan kashi 20 cikin 100 nata ɓuntu ne, kuma ɗaukar ɓuntu a mota zuwa nesa asarar kuɗin man fetur ce kawai. Ya fi kyau a ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma tun kafin shuka, a ba su iri ɗaya mai kyau, a amince da yadda za a yanke farashi da kaka. Amfanin iri ɗaya yana da girma, domin shinkafar da aka gauraya doguwa da gajera takan kakkarye a inji, kuma karyayyar shinkafa ba ta da daraja a kasuwa.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Kilo 100 na samfarera mai kyau yakan ba da tsakanin kilo 60 da 65 na shinkafar ci, sauran kuma ɓuntu ne da dusa da datti. Idan an sayi samfarera da ɗanshi, to an sayi ruwa da kuɗin shinkafa, don haka na'urar auna laima, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, tana cikin kayan da za a fara mallaka, kuma kada a zuba hatsi a sito sai laimarsa ta sauka zuwa kusan kashi 14. Babban kuɗin wannan sana'a yana tafiya ne wajen sayen samfarera da kaka lokacin da take da araha, a ajiye ta yadda inji zai yi ta aiki har wata kakar. Wanda ya zuba dukkan jarinsa a gini da inji zai wayi gari da ma'aikata a zaune da injin da ba ya motsi. A ganina, gara ƙaramin inji mai aiki wata goma sha ɗaya a shekara da babban inji mai aiki wata uku, kuma ƙaramin ne zai riƙe ma'aikatansa ba tare da yankewar albashi ba. Game da rance, a yi hattara da bankunan kasuwanci, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5, abin da bankuna ke ɗorawa kuwa ya fi haka. A fara tuntuɓar Bankin Masana'antu, ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda za su iya sayen injin su sayar wa mutum a biya sannu a hankali.

Wutar lantarki ita ce ta kashe masana'antu da yawa a Arewa, kuma ba a shiga wannan harka da fatan za a gyara ta. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane ma'aunin wuta (kWh), alhali dizal ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. Kafin a kama wuri, a je a tambayi maƙwabtan masana'antu awa nawa suke samun wuta a zahiri. Mai casar shinkafa yana da wata dama da mai masaƙa bai samu ba, wato ɓuntun da yake fitarwa makamashi ne, ana ƙona shi a tukunyar tururi a turara shinkafa a busar da ita, a rage dogaro da itace da dizal. Dusa kuwa masu kiwon kaji da dabbobi suna nemanta, kuma kuɗinta yakan ɗauki wani ɓangare na albashi.

Takardu ba su da wuya idan an bi su da wuri. A yi rajistar kamfani da hukumar rajistar kamfanoni (CAC), a nemi lambar NAFDAC tunda abinci ne za a zuba a buhu da suna, a cika ƙa'idojin hukumar kula da ingancin kayayyaki (SON), a kuma yi rajista da SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i.

Wajen ɗaukar ma'aikata, mutum biyu ne ginshiƙi: mai sarrafa inji da mai kula da turara. Idan turara ta ɓaci shinkafa takan yi wari ko ta yi baƙi, idan kuma ba a daidaita inji ba takan fito a kakkarye. A nemi ƙwararru a waɗannan wurare a biya su da kyau, sannan a haɗa kowannensu da matasa biyu ko uku daga garin da masana'antar take su koya a hannunsa, domin ranar da ƙwararren ya tafi kada aiki ya tsaya. Matan karkara sun daɗe suna gumin shinkafa a gidajensu tun kafin zuwan manyan injuna, kuma mai hikima zai saye daga hannunsu ko ya ɗauke su aiki maimakon ya kashe musu sana'a. Mafi ƙarancin albashi a doka tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai a sa shi cikin lissafi tun farko, tare da takunkumin hanci da na'urar zuƙe ƙura, domin ƙurar ɓuntu tana cutar da ƙirji. Ma'aikatan cikin gida ba za su yi yawa ba, amma a bayansu akwai manoma da 'yan dako da direbobi da masu walda da makanikai da masu buga buhu da dillalan Dawanau da na kasuwar Singa, kuma a nan ne mafi yawan ayyukan da masana'anta ke haifarwa suke. Duk gyaran da makerin gari zai iya yi, a ba shi, kada a jira kayan gyara daga ƙetare.

Akwai tarko ɗaya da ya kama mutane da yawa, shi ne dogaro da kariyar gwamnati. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa samun dala a farashin hukuma, a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, sai jama'a suka yi tururuwar kafa injuna. An buɗe iyakoki a Disambar 2020, an janye takunkumin dala a Oktoban 2023, a 2024 kuma aka ba da damar shigo da wasu hatsi ba haraji na kwana 150, har da shinkafar da aka cire wa ɓuntu. Masaƙu ma haka suka tsinci kansu lokacin da atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Don haka a yi lissafin riba kamar gobe shinkafar Tailan da Indiya za ta sauka a kasuwa, a sa injin cire tsakuwa da na tantance launi, a cika buhun kilo 50 ya zama kilo 50 cif. Uwargidan da ta dafa buhu guda ba ta tauna tsakuwa ba za ta aiko a sake sayo mata mai wannan sunan, ko da ta waje tana jibge kusa da ita a shago.