Yadda Ake Gyara Tsohuwar Bindigar Lee-Enfield Don Adana Tarihi

Bindigar Lee-Enfield, wadda sojojin Birtaniya suka fara riƙewa a 1895, sojojin Afirka ta Yamma kuma suka je yaƙin Bama da ita, gyaranta sai da haƙuri. Da farko a mallaki lasisi, a kuma tabbatar babu harsashi a cikinta. A goge tsatsar a hankali da man bindiga da tsumma mai laushi, kada a kuskura a sa mata samfefa, domin tana cinye tambarin kambin sarauta da shekarar ƙira da aka buga a jikin ƙarfen, alhali su ne darajarta. Katakon kuwa man linsid, wato man da ake matsewa daga 'ya'yan tsiron flax, ake shafa masa kaɗan-kaɗan har ya sha. A ajiye ta inda babu laima, musamman da damina.