Yadda Ake Rubuta Labarin Iyalin da Ake Zalunta a Tsakiyar Daji

Marubucin da ya ɗauki iyali ya kai su can ƙurmin daji, inda babu maƙwabci, babu asibiti, babu ofishin 'yan sanda, ya ɗora wa kansa aiki biyu. Dole ya nuna yadda ake tsira daga sanyi da yunwa da namun daji, sannan ya nuna yadda ake tsira daga mutumin da ake kwana da shi a ɗaki ɗaya. Kuskuren da na fi gani a irin wannan rubutu shi ne a mayar da dajin ado, a cika shafuka da kwatancin duwatsu da faɗuwar rana, alhali a labarin shi ne kwaɗon da aka garƙame ƙofa da shi. Azzalumin miji yakan fara ne da raba mace da danginta da ƙawayenta, daji kuwa yana yi masa wannan aikin a ɓagas.

Saboda haka, kafin ka rubuta babin farko, zauna ka zana taswirar wurin. Ka san kilomita nawa ne daga bukkar zuwa gida mafi kusa, wa yake riƙe makullin mota da bindiga, kuma a wane wata hanya take toshewa. Idan arewa mai nisa ka zaɓa, irin jihar Alaska ta Amurka, ka sani cewa a garin Fairbanks hasken rana na ranar 21 ga Disamba bai cika awa huɗu ba, a garin Utqiagvik kuwa rana tana faɗuwa a watan Nuwamba ba ta sake ɓullowa sai wajen ƙarshen Janairu. Mutum uku, wato uba da uwa da 'yarsu, a ɗaki ɗaya cikin irin wannan duhun, ɗayansu mai saurin fushi, ba sai ka ƙirƙiro musu wata fitina daga waje ba.

Ka koyi yadda jiki yake gazawa, domin mai karatu yana gane marubucin da yake ƙiyasi. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da farko makyarkyata ce, sai yatsu su kasa ɗaure igiyar takalmi, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, har wasu a ƙarshe sukan tuɓe tufafinsu suna jin kamar zafi ya dame su. Mutum yakan yi makonni ba abinci, amma rashin ruwa yakan kayar da shi cikin 'yan kwanaki. Yarinyar da take ƙoƙarin ƙyasta ashana da yatsun da ba sa jin umarninta ta fi shafi goma na kalmar "tsoro" tasiri.

Inda aikin ya fi wuya shi ne gina maigidan. Idan ka zana shi dodo tun daga shafin farko, mai karatu zai yi ta tambayar abin da ya hana matar tafiya, daga nan kuma ya fara ganin laifinta. A shekarar 1979 masaniyar halayyar ɗan Adam Lenore Walker, 'yar Amurka, ta bayyana cewa irin wannan zalunci yakan zagayo ne a matakai uku: ɗar-ɗar da ke taruwa a hankali, sai fashewa, sai kuma nadama da lallashi da alkawarin ba za a sake ba. Matakin na uku shi ne igiyar da ta fi ɗaure mace, don haka kada ka yi masa rowar shafuka. Bari a ga mutumin yana sassaƙa wa 'yarsa abin wasa, yana kuka, yana ɗebo wa matarsa ruwa kwana biyu bayan ya kumbura mata ido. Marubuta da yawa sukan ba shi tarihin yaƙi, kuma hakan yana da tushe, tunda a 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da ciwon firgici na bayan masifa cikin kundinsu na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Sai dai ka yi hattara, ciwo yana iya bayyana halinsa, amma ba ya wanke shi, kuma akasarin masu wannan ciwon ba sa dukan kowa.

A ganina, idon yaro ko yarinya ya fi dacewa da ba da labarin. Yaran irin wannan gida sun ƙware wajen karanta yanayi. Yarinyar tana gane irin daren da za a yi daga yadda mahaifinta ya jingine gatari a bakin ƙofa, ko a hankali ko da ƙarfi. Idan ta ji ƙarar, sai ta ce a hankali, "Mama, Baba ya dawo," uwar kuma ta ɗauke kofunan tangaran daga kan tebur ba tare da ta ɗago kai ba. Wannan ya isa. Dukan kansa ba ya bukatar dogon kwatanci, domin yawan nuna shi yana dusashe zuciyar mai karatu, wani lokaci ma ya koma kamar abin kallo. Nuna safiyar da ta biyo baya, uwar tana shara tana cewa santsi ne ya kwashe ta.

Kada ka manta cewa cikin masu karanta littafinka akwai waɗanda abin ya taɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, galibi daga miji ko abokin zama. Su za su fara gane ƙarya idan ka sauƙaƙa gudun. Masu aikin taimakon irin waɗannan mata sun daɗe suna gargaɗin cewa lokacin rabuwa ne ya fi kowane lokaci haɗari, kuma mace takan yi yunƙurin tafiya sau da yawa kafin ta tafi ɗin gaba ɗaya. Bari yunƙurin farko ya ci tura. Bari a ga 'yan kuɗin da aka ɓoye cikin safa an gano su.

Idan ranar tafiyar ta zo, kada ka aiko da wani jarumi daga sama. Abin da uban ya koya wa 'yarsa don ta rayu a daji, wato bin sawu, haɗa wuta da jiƙaƙƙen itace, gane ƙanƙarar da za ta iya ɗaukar mutum, da shi za ta fitar da kanta da mahaifiyarta. Wannan yana nufin sai ka shuka kowace dabara tun a babukan farko, a lokacin da mai karatu yake ɗauka darasin farauta ne kawai. Bayan sun isa gari, ka ƙara babi ɗaya ko biyu, a ga yarinyar a ɗaki mai wutar lantarki da makulli a hannunta, amma har yanzu tana zabura idan wani ya ajiye abu mai nauyi a bakin ƙofa.