Shawara ga masu niyyar hawa Dutsen Kamaru

Jama'a, duk mai son hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea ya tsayar da tafiyarsa tsakanin Nuwamba da Maris. Da damina hanyar santsi ce zalla, hazo kuma ya rufe ko'ina. Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, kuma har yanzu mai aman wuta ne, ya yi a 1999 da 2000. Ba a shiga gandun dajin da dutsen ke ciki sai da ɗan jagora, kuma kada ku yi rowar kuɗin ɗan dako.

Babbar matsalar ruwa ce. Da kun wuce bukka ta farko cikin bukkokin hutawa da ke kan hanyar hawan, daji ya ƙare, sai ciyawa da baƙar tsakuwa mai shanye ruwan sama nan take, samun na sha sai an dace. Kowa ya tanadi aƙalla lita uku a rana. Takalmi ya zama mai kaurin tafi, don daskararren dutsen yana yanka roba kamar reza. A riƙe sanda saboda saukowa, a nan gwiwa ke shan wahala.

Kada yanayin Buea ya ruɗe ku. A bukka ta biyu, wajen mita 2,800, sanyin dare ya fi na hunturu, sai da jakar barci da safar hannu. Kwana uku ya fi biyu, jiki ya saba da ƙarancin iska. Wanda ciwon kai da jiri da amai suka kama, a sauko da shi.

Ku tambayi halin tsaron yankin Kudu maso Yamma na Kamaru, inda Buea take, kafin ku biya kuɗin mota.